Mikiya ta daji da mikiya ta tatsuniya

Mikiya suna guda ne, amma ba tsuntsuwa guda ake kira da shi ba. A bakin tsofaffin makiyaya da maharban ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji a Nijar, mikiya ita ce babbar 'yar'uwar angulu, mai cin mushe, wadda ba ta shiga gari balle ta yi zaman mahauta. A bakin rediyo da jarida kuwa sunan ya koma kan tsuntsuwar da ke tambarin Nijeriya, alhali waccan dangin gaggafa ce, mai kamun abu da rai. Daga kaifin ganin da ake yaba wa dukansu biyu aka samu "idon mikiya", har wani shirin gidan rediyon Vision FM ya ɗauki sunan.

Akwai kuma mikiya ta tatsuniya, mai magana, mai goya mutum ta tsallake daji da shi. A labarin Ɗan Auta wata babbar tsuntsuwa ce ta ɗauke shi da yayarsa daga kan itace, kuma wasu masu ba da labarin mikiya suke ce mata. Larabawa suna da rukku na Dare Dubu da Ɗaya, wanda Sindibad ya ɗaure kansa a ƙafarsa. Girkawa suna da girifin, mai jikin zaki da kai da fukafukan gaggafa, mai gadin zinariya, kuma da sunansa Turawa ke kiran dangin mikiyar daji. Sai dai ta gaske ba ta wuce kilo 9 ba, faratanta kuma dakusassu ne, ko ɗan akuya ba ta iya sura. Satar 'yan awaki da ake ɗora mata aikin gaggafa ne.

Inda ta cancanci kirari shi ne tashi. Fukafukanta a buɗe sun kai mita 2.5. Ba ta sammako. Sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa, sannan ta hau bisanta tana kewaya ba tare da kaɗa fiffike ba. Ranar 29 ga Nuwamba 1973 wata mikiya ta yi karo da jirgin sama a saman Abijan, a tsayin mita 11,300, kuma ba a taɓa tabbatar da wani tsuntsu dabam da ya kai nan ba. Jininta na iya riƙe iskar shaƙa a inda ɗan Adam zai suma.

Babbar gardama ita ce yadda take sanin inda mushe yake. Masu camfi na cewa mafarkinsa take yi tun da dare, wasu su ce wari take ji. Dalilinsu ba na wasa ba ne: jaki ya faɗi a bayan gari, sama wayam, kafin a jima inuwa ta fara gilmawa a ƙasa, sun sauko goma, ashirin. Amma hancin mikiya ba shi da ƙarfi, mushen da aka rufe da ciyawa yakan kuɓuce mata. Sirrin yana ga ido da sa ido ga juna. Kowace tana shawagi a nata yankin, tana duban ƙasa, tana duban maƙwabciyarta, tana lura da hankaki da angulu. Da ɗaya ta karkata ta yi ƙasa, ta kusa ta bi ta, ta nesa ta bi ta kusa. "Angulu ba ta jewar banza," in ji Hausawa, kuma mikiya ta riga kowa yarda da wannan magana.

Wannan camfi na sanin gaibu ya zame mata bala'i. Ana neman kanta da ƙwaƙwalwarta don haɗa asirin farin jini da sa'ar kasuwa, ana shanya su a rumfunan 'yan magori. In kan ya yi wuyar samu, mai saye ya yi hattara kada a yi masa angulu da kan zabo. Gubar da ake barbaɗa wa mushe don kashe kura ko karnukan daji kan hallaka garken mikiya guda a yini ɗaya. Ga shi ƙwai ɗaya tak take sakawa, ta kwanta a kansa kusan kwana 55. Tun 2015 hukumar kare halittu ta IUCN ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. A gonakin Agye da Gazawa, inda daji ya zama gero da gyaɗa, ganinta ya yi wuya, kuma cikin 'yan wuraren da aka san tana sheƙa a Nijar akwai duwatsun Kutus na jihar Damagaram.