Makarantar firamare: Me iyaye ke da haƙƙin sani, kuma wa za su tambaya?

A makarantun firamare na gwamnati da dama a arewacin Najeriya, labarin makaranta yakan isa gida ne ta bakin yaro: an ce gobe a zo da kuɗin jarrabawa, an ce babu karatu sai bayan salla, an ce malam bai zo ba.

Iyaye kan karɓi irin wannan saƙo ba tare da sanin wanda ya yanke shawarar ba, balle su san ko doka ta amince da ita.

Sai dai dokar ƙasa ta fayyace abin da ya hau kan iyaye da abin da ya hau kan gwamnati, akwai kuma kwamitin da aka tanadar domin jama'ar gari su san halin da makarantarsu ke ciki.

Me doka ta ce game da kuɗin makaranta?

A watan Satumban 1999 ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, kuma a shekara ta 2004 aka kafa dokar shirin.

Dokar ta ce karatun shekaru tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro.

Abubuwan da ta lissafa a matsayin na kyauta sun haɗa da littattafai, da kayan koyarwa, da azuzuwa, da kujeru, da abincin rana.

Duk wanda ya karɓi kuɗi a kan waɗannan abubuwa a makarantar gwamnati, dokar ta tanadar masa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin watanni uku, ko kuma a haɗa masa duka biyun.

Su ma iyaye ba a bar su a baya ba. Uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta, za a ja masa kunne a karon farko, a karo na biyu kuma tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya.

A zahiri dai ba kasafai ake aiki da waɗannan hukunce-hukunce ba, kuma har yanzu ana karɓar ƙananan kuɗaɗe da sunan alli, ko tsintsiya, ko takardar jarrabawa.

Shugabannin makarantu kan kafa hujja da cewa ba a ba su kuɗin gudanarwa. Ko da hakan gaskiya ne, iyaye na da damar su tambayi wanda ya amince da kuɗin, da abin da aka yi da shi.

Wa ke riƙe da makarantar?

Makarantar firamare tana da iyayen gida uku, abin da ke sa iyaye rasa inda za su kai ƙorafi.

A sama akwai hukumar UBEC ta tarayya, wadda doka ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun shiga na gwamnatin tarayya.

A jiha akwai hukumar SUBEB mai kula da malamai da gine-gine, sannan a ƙaramar hukuma akwai sakataren ilimi, wanda shi ne hedimasta ke amsa wa kai tsaye.

Kafin jiha ta karɓi tallafin gine-gine daga UBEC, wajibi ne ta ajiye kwatankwacin kuɗin daga aljihunta. Hukumar ta sha kokawa cewa biliyoyin naira na zaune a hannunta saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba.

Ke nan idan guguwa ta yaye rufin aji aka shekara ba a gyara ba, ba lallai ne laifin hedimasta ba ne. Ofishin sakataren ilimi ne wuri na farko da ya kamata a nemi bayani.

Mene ne kwamitin SBMC?

A tsakiyar shekarun 2000, majalisar ƙoli ta ilimi ta ƙasa ta amince cewa kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC.

Kwamitin kan ƙunshi mai unguwa ko dagaci, da wakilan malaman addini, da mata, da matasa, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, da malamai, har da wakilan ɗaliban kansu.

Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA. Ita PTA ta iyayen da ke da yara a makarantar ce, kuma a wurare da yawa an fi saninta da tara gudummawa.

Shi kuwa SBMC na gari ne baki ɗaya. Aikinsa shi ne tsara abin da makaranta ta fi buƙata, da sa ido kan zuwan malamai da ɗalibai, da bin sawun kuɗin da ya shigo, da kuma kai kuka ga hukuma.

Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 ya horas da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano, da Kaduna, da Jigawa.

Haka kuma shirin ilimin 'ya'ya mata na asusun UNICEF ya yi aiki da kwamitocin da ƙungiyoyin iyaye mata a jihohi irin su Katsina, da Sakkwato, da Zamfara, da Bauchi.

Matsalar ita ce a makarantu da dama kwamitin yana nan ne a takarda kawai. Inda hedimasta ya zaɓo mutanensa ya rubuta sunayensu, babu mai kiran taro, babu kuma mai tambayar lissafi.

Waɗanne sauye-sauye ne suka shafi iyalai kai tsaye?

Na farko shi ne abinci. A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 ga kowane yaro a rana. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen hukumar tallafa wa jama'a, sakamakon binciken da ake yi kan kuɗaɗen hukumar.

Na biyu shi ne malamai. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun gaza cin jarrabawar gwaji da aka yi musu, ta kuma sallame su ta ɗauki sababbi.

Na uku shi ne harshen koyarwa. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar cewa za a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, amma a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin da komawa ga Turanci.

Na huɗu shi ne jadawalin hutu. A 2025 jihohin Bauchi, da Katsina, da Kano, da Kebbi sun rufe makarantu a lokacin azumin Ramadan, matakin da ya jawo muhawara a ƙasar.

Dukkan waɗannan shawarwari an yanke su ne a Abuja ko a babban birnin jiha, amma a gida ake jin tasirinsu: a kuɗin karin kumallo, a irin littafin da za a saya, da kuma inda yaro zai wuni.

Ina batun tsaro?

A ranar 7 ga Maris na 2024 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai daga makarantar garin Kuriga da ke ƙaramar hukumar Chikun a jihar Kaduna.

Rahotannin farko sun ce yaran sun haura 280, daga baya hukumomi suka ce 137 ne, waɗanda aka sako bayan fiye da makonni biyu.

Wannan saɓani ya nuna muhimmancin abin da ake ɗauka ƙarami, wato rajistar aji. Makarantar da ke kiran suna kullum, take kuma da lambar wayar kowane uba ko uwa, ita ce za ta iya faɗin wanda ya ɓata a ranar da abu ya faru.

Yaya abin yake a Nijar?

Jamhuriyar Nijar ma tana da irin wannan kwamiti, wanda aka sani da COGES, daga baya aka sauya masa suna zuwa CGDES.

A 2004 hukumar JICA ta Japan ta fara wani shiri a jihar Tahoua domin farfaɗo da kwamitocin, aka kuma faɗaɗa tsarin zuwa sauran sassan ƙasar.

Ginshiƙinsa shi ne a zaɓi shugabannin kwamiti ta ƙuri'ar sirri, a tsara ayyukan shekara a babban taron gari, sannan a dawo gaban jama'a a karanta abin da aka tara da abin da aka kashe.

Me iyaye za su iya yi?

Babu buƙatar takardar izini kafin uba ko uwa su je wurin hedimasta su tambayi sunayen 'yan kwamitin SBMC da ranar taronsu na gaba.

A taron za a iya neman ranakun buɗewa da rufewa na zangon karatu, da yawan malaman da aka turo da waɗanda ke zuwa aiki, da rasit na duk kuɗin da aka karɓa.

Inda iyaye da yawa ba sa karatun boko, sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a, ko ta bakin mai shela, ko ta saƙon murya a WhatsApp, ta fi takardar da aka saka a jakar yaro isa ga jama'a.

Idan kuma kwamiti ya gaza, mataki na gaba shi ne ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan sai hukumar SUBEB ta jiha.