Asirin Kuɗin Azurfa Mai Shekara Guda

A Maiduguri, idan aka buɗe adakar wata tsohuwa ranar rabon gado, ko aka lura da abin wuyan matan Shuwa, akan ci karo da wani faffaɗan kuɗin azurfa. Gefe ɗaya mace ce da mayafi, ɗaya gefen gaggafa mai kai biyu. Kowane kuɗin ka ɗauka, 1780 ce a jikinsa. Alhali sai 1814 Shehu Laminu ya kafa Kukawa, Yerwa kuwa, wato Maiduguri, sai 1907. To, yaya aka yi duk suka zama 'yan shekara guda?

Matar dai Mariya Tareza ce, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fataken Larabawa ne suka riƙa kawo kuɗin daga Tarabulus, ta Murzuk da Bilma. Bajamushen nan Nachtigal ya tarar ana ciniki da shi a Kukawa a 1870.

Me ya sa Barebari suka rungume shi? Gabaga, ƙyallen saƙi da ake ciniki da shi, gara na ci. Wuri kuma nauyi gare shi. Wannan kuwa giram 28 ne, kusan kashi 83 cikin ɗari azurfa. A zuba a tulu a binne, ko maƙeri ya huda uwargida ta rataya. Ranar gudu, irin ta 1893 da Rabeh ya ci Kukawa, dukiyar da za ta shiga ɗamara ita ce dukiya.

Nan bakin zaren yake. Mai ajiya ba ya son baƙuwar fuska. Ɗan kasuwa kan duba 'yan ɗigon lu'ulu'un da ke kafaɗar sarauniyar, in sun shafe ya ƙi karɓa. Ganin haka, masana'antar kuɗi ta Biyana a Ostiriya ta ci gaba da buga shi da 1780, daga baya Landan da Roma da Bombay suka bi sahu. Haka mutanen Atina ta dā, masu ajiya a gidajen bauta da tukwanen binnewa, suka daɗe ba su sauya hoton mujiyar da ke jikin kuɗinsu ba.

Saboda haka, mai karatu, in ka gaji irinsa, kada shekarar ta ruɗe ka. Kai shi wurin maƙerin azurfa ya auna maka.