Yadda Kwamfuta Ke Gano Alamun Tarin Fuka A Hoton Ƙirji

Fasahar da ke sa wayar hannu ta gane fuskar mai ita ta buɗe, irinta ce yanzu ke duba hotunan ƙirji tana neman alamun tarin fuka. Ana kiranta koyo mai zurfi, kuma reshe ce ta ƙirƙirarriyar basira.

A wurin kwamfuta, hoto tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo da lambar da ke nuna haskensa ko duhunsa. Lafiyayyen huhu cike yake da iska, don haka yakan fito da duhu-duhu. Inda cuta ta taɓa kuwa, sai a ga fari-fari, ko dabbare-dabbare, ko rami. Yadda haske da duhu ke jeruwa shi ne saƙar hoto, kamar dai yadda saƙar shadda ta bambanta da ta atamfa.

Tun a 1973 masanin kwamfuta Robert Haralick da abokan aikinsa suka fito da hanyar auna wannan saƙa da lissafi, ta ƙirga sau nawa ɗigo mai wani haske ke maƙwabtaka da wani. A wannan tsari, mutum ne ke zaɓa wa kwamfuta abin da za ta auna. Koyo mai zurfi ya sauya haka: ana loda wa manhaja dubban hotunan da aka riga aka tabbatar da sakamakonsu, ita kuma ta koya da kanta mataki-mataki. Matakan farko na gane layi da gefe, na tsakiya su gane saƙa, na ƙarshe su gane siffar cutar.

A 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin waɗannan manhajoji wajen tantance tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. Daga cikinsu akwai CAD4TB ta ƙasar Holan da qXR ta Indiya. CAD4TB na ba kowane hoto maki daga 0 zuwa 100 cikin ƙasa da minti ɗaya. Wannan babban sauƙi ne ga Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, ga kuma ƙarancin likitocin da suka ƙware a karanta hoto.

Sai dai maki mai yawa ba ya nufin an tabbatar da cuta. Tabon tsohon ciwo ko ciwon sanyin haƙarƙari na iya ɗaga makin, hoto marar kyau kuma na iya ruɗa manhajar. Shi ya sa ake tura duk wanda makinsa ya haura gwajin kaki da na'ura irin GeneXpert.

Ɗaukar hoton takardar asibiti da waya a tura wa wata manhajar hira ba ya maye gurbin wannan gwaji. Duk mai tarin da ya kai mako biyu ya garzaya asibiti, domin gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya.