Babi na Takwas: Gwajin Gwaninta a Tafiyar Daji Lokacin Hunturu

A cikin wasannin da suka zo mana daga ƙasashen Turawa a wannan zamani akwai wani iri wanda ya fi kusa da tatsuniya a kan dara ko lido, domin ba a cin kowa a cikinsa, ba a kuma zuba kuɗi. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama gewaye da tebur ko a bisa tabarma, kowannensu ya ɗauki matsayin wani mutum na cikin labari, ya rubuta sana'arsa da ƙarfinsa da rauninsa a takarda, sa'an nan mutum guda, wanda za mu kira mai jan labari, ya riƙa siffanta musu ƙasar da suke ciki da abin da ya auko musu, su kuwa suna faɗin abin da za su aikata. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka cikin 1974, kuma da yake dukansu biyu mutanen arewacin ƙasar ne, inda ƙanƙara take rufe hanya wata da watanni, ba abin mamaki ba ne da sanyi ya sami babban gurbi a cikin ƙa'idojin wasan, har aka wallafa littafi sukutum a kan zaman daji cikin 1986.

Ginshiƙin wasan shi ne gwajin gwaninta. Idan ɗan wasa ya ce mutuminsa zai aikata abin da ana iya dacewa ana kuma iya kasawa, kamar bin sawun jakin da ya ɓace ko hura wuta cikin iska, sai mai jan labari ya yanke adadin da ya yi daidai da wuyar aikin. A bugun 2014, ana sa 10 ga mai sauƙi, 15 ga matsakaici, 20 ga mai wuya. Ɗan wasa ya jefa wata ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, ya haɗa abin da ya fito da lambar gwanintarsa. In jimla ta kai adadin ko ta wuce, ya dace, in ta gaza, ya kasa. Maharbin da lambarsa ta sanin daji 4 ce, in aka ɗora masa 15, yana bukatar 11 ko fiye, watau rabi da rabi ke nan, alhali ɗan birni wanda ba shi da ko ɗaya ba zai dace ba sai sau 6 cikin 20. Idan kuma hali ya taimaki mutum, sai a ba shi rangwame, ya jefa sau biyu ya ɗauki babbar. In hali ya matsa shi, ya jefa sau biyu ya ɗauki ƙaramar.

Game da sanyi, ƙa'idar wannan bugu ta ce idan ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, duk wanda ba ya sanye da tufafin ɗari sai ya yi gwajin juriya na 10 a ƙarshen kowace sa'a, in ya kasa a rubuta masa daraja ɗaya ta gajiya. Darajojin gajiya shida ne: a ta farko duk gwajin gwanintarsa ya yi nauyi, a ta biyu saurinsa ya koma rabi, a ta biyar ba ya iya ɗaga ƙafa, ta shida kuwa ajali ce, kuma barcin dare tare da ci da sha daraja ɗaya tak yake gogewa. A nan masu wasan suka yi hikima, domin haƙiƙa haka sanyi yake halaka matafiyi, ba da sara guda ba, sai da rage masa basira da ƙarfi kaɗan-kaɗan har ya kai inda ba ya iya yi wa kansa dabarar da jiya ma ba ta yi masa wuya ba.

Amma wanda ya bi ƙa'idar harafi da harafi zai ɓata wasansa, kuma lissafi kaɗan ya isa hujja. Mutumin da ba shi da ƙarin juriya yana kasa gwajin 10 sau 9 cikin 20. In aka maimaita masa sa'a takwas, galibi zai kasa sau uku ko huɗu, kafin la'asar ya zama rabin gawa ba tare da ya yi kuskuren komai ba. In kuwa 'yan wasa biyar ne, an yi jifa arba'in ke nan a yini guda na labari, ba wanda ya yi shawara, ba wanda ya zaɓi wani abu. Ra'ayina a wannan mas'ala shi ne kada a kira gwaji sai sharuɗɗa biyu sun cika: akwai shakka ta gaskiya a kan sakamakon, kuma kasawa za ta ci wa matafiya wani abu da za su ji a jikinsu. Gwaji ɗaya ga tafiyar yini, ɗaya ga kwanan zango, ya wadatar.

Mu kuwa a ƙasar Sakkwato ba mu da digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma ban ga dalilin da zai sa samarin Horo Birni ko na Jaredi ko na Boɗinga su zauna suna ƙaga duwatsun ƙanƙarar da ba su taɓa gani ba, alhali suna da hunturu wanda kowane yaro ya san cizonsa. Iska ce da take tasowa daga arewa maso gabas tun ƙarshen Nuwamba har wajen Maris, ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa; da asuba jaura ta hana tsoho fita, da rana ƙishirwa ta kama matafiyi kamar ba ɗazu yake rawar ɗari ba. Kada kuma a raina ta. A watan Disamba na 1823, a kan hanyar Kukawa zuwa Kano, Baturen nan Clapperton ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan salkunansu ya daskare, kuma abokin tafiyarsa, likita Oudney, wanda dama yana fama da ciwon ƙirji, ya rasu a Janairun 1824 kusa da Katagum. Shi Clapperton ya ratsa Dajin Gundumi ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a watan Maris na wannan shekara, kuma wani Bature, Barth, da ya ratsa dajin cikin 1853, ya ce sun yi sa'a 26 suna tafiya ba yada zango, saboda rashin ruwa da tsoron mahara.

To, a ɗauka wani dare ne bayan lisha, samari biyar suna zaure a Horo Birni, labarinsu kuwa na ayarin fatake ne a zamanin da ba mota, sun ɗauko gero a kan jakuna za su Sakkwato ta Boɗinga da Sifawa. Sun raba muƙamai yadda fataken da suke rabawa: wannan madugu, wancan jagaba mai sanin hanya, ga uban dawaki, ga malamin ayari, ga yaro mai kora. Mai jan labari ya ce, "Jagaba, hantsi ya yi amma rana kamar faifai take, hazo ya rufe kukar da kake gane mararraba da ita, iska kuma ta share sawu. Me ka gani?" Jagaba ya ce, "Zan duƙa in duba kashin jakuna, in ga wace hanya ce aka fi bi, sa'an nan in lura da inda iska take bugun fuskata." Wannan amsa ta mai hankali ce, saboda haka a ba shi rangwame a kan gwajin 15. In ya dace, su isa rijiya da azahar. In ya kasa, kada mai jan labari ya ce sun ɓata shi ke nan, domin wannan rufe ƙofa ne. Sai ya ce sun gane kuskurensu bayan sa'a uku, magariba za ta riske su a fili, salka ɗaya ta rage. Nan take shawara ta koma hannun madugu: ko a matsa cikin dare, hazo ya ɓoye taurari, a yi gwajin juriya mai ƙaruwa kowace sa'a bayan ta takwas, yadda ƙa'idar tafiyar dole ta tanada, ko a kwana ba ruwa.

A zangon ne wasan ya fi daɗi, kuma a nan ne ya kamata mai jan labari ya ja rai. Wa zai tafi neman ƙirare da busasshen kashin shanu, wa zai kafa kayan a ɓangaren da iska take tahowa don su zama kariya, wa zai ɗaure jakuna, wa zai yi gadi a sulusin dare na ƙarshe, lokacin da sanyi ya fi tsanani? Hura wuta da ƙyastu cikin iska gwaji ne. Amma wuta a hunturu tana da fuska biyu, domin ciyawa ta bushe ƙayau, kuma wanda ya kasa da nisa ba rashin wuta kaɗai zai samu ba, la'alla tartsatsi ya kama buhu ko ya ci daji. Neman abinci da ruwa shi ma yana da adadinsa, 10 inda akwai yalwa, 15 inda akwai ƙaranci, 20 inda babu sai ƙalilan. Bakin fadama da tsakiyar fako ba hukuncinsu ɗaya ba ne. Idan kuma aiki na jama'a ne, kamar fid da jaki daga rami, kowa ya jefa, in rabinsu suka dace an dace gaba ɗaya.

Abin da na fi so a riƙe shi ne tanadi ya riƙa kayar da gwaji. Ƙa'idar da kanta ta ce mai tufafin ɗari ba ya jifa, kuma a kan wannan za a yi ƙiyasin sauran: wanda ya sayi gwado a kasuwa kafin a tashi, ya shafa man kaɗe a ƙafa don gudun faso, ya naɗa rawani ya rufe hanci, ya cika zabira da gumba da ƙuli-ƙuli, ba adalci ba ne a daidaita shi da wanda ya kashe kuɗinsa a kan takobi. In faso ya kama mai sakaci, a rage masa sauri, ya zama nauyi a kan ayari, 'yan'uwansa su yanke ko za su sauke buhu ɗaya su ɗora shi a jaki. Malamin ayari ma yana da nasa fage: da asuba, ruwa kaɗan ne, ga mai tari a cikinsu, shi zai tuna musu cewa Shari'a ta yi rangwamen taimama ga wanda ya rasa ruwa ko ya ji tsoron cuta, kamar yadda ya auku ga Amru ɗan Asi a wani dare mai sanyi a yaƙin Zatus Salasil. Irin wannan sani ba ya bukatar jifa. Ɗan wasa ya faɗe shi, a rubuta wa ayari ruwan da ya tsira.

Saura mas'alar ƙwayar da ake jefawa. Malamanmu sun yi magana mai nauyi a kan wasan nardi, wanda shi ma da ƙwaya ake yinsa, kuma hukuncin wannan sabon wasa nasu ne, ba na mai wannan littafi ba. Sai dai wanda zuciyarsa ba ta natsu da ƙwayar ba, yana iya rubuta 1 zuwa 20 a ƙananan takardu, ya naɗe su ya zuba a ƙwarya, a riƙa zara ana mayarwa, lissafin bai canza ko kaɗan ba. Sharaɗin da ba a sassauta shi shi ne kada a sa kuɗi, kada kuma a bar salla ta wuce.

Kai da za ka ja labarin, kafin ka tara abokanka ka je wurin wani dattijo a garinku wanda ya taɓa kora jakuna ko ya bi shanu mashekari, ka tambaye shi yadda suke kwana a daji cikin watan Janairu, wane itace ne yake riƙe wuta har asuba, da wace alama suke gane ruwa yana kusa. Ka rubuta abin da ya gaya maka, a kansa za ka yanke adadin kowane gwaji.