Ƙarin kitse a baki: Abubuwan da ya kamata ka sani

A Mandawari, kamar sauran unguwannin cikin badalar Kano, idan ƙullutu ya fito wa dattijo a cikin kumatu, abu biyu ake fara zargi: maruru ko ciwon daji. Akwai wani na uku da ba a cika ambata ba, wato ƙarin kitse, wanda likitoci ke kira lifoma.

Yaya yake?

Kitse ne ya dunƙule a cikin wata siririyar jaka ƙarƙashin fatar baki. Yana da laushi, yana motsi idan an taɓa, wani lokaci a hango ruwan ɗorawarsa ta cikin fata. Ba ya ciwo, kuma sannu a hankali yake girma, har ya shekara mai shi bai kula ba. Ya fi fitowa a baya, wuya da kafaɗa. A baki ba kasafai ba, kuma an fi ganinsa a kumatu, harshe, leɓe ko ƙasan harshe, musamman ga waɗanda suka haura shekara 40.

Cin maiƙo ne ke kawo shi?

A'a, kada a ɗora wa kilishi da man shanu laifi. Ko mutum ya rame, ƙarin yana nan.

Me zai hana a kai wa wanzami?

Nan ne ake yin ɓarna. Babu mugunya a cikinsa, don haka tsaga shi ba ya fitar da komai sai jini. Ƙasan harshe kuwa cike yake da jijiyoyin jini da hanyoyin yawu, aska ɗaya na iya jawo kumburin da zai toshe numfashi. Abin da ya fi muni, ido ba ya rarrabe shi da wasu nau'o'in ƙari masu haɗari. Likita kan yi allurar kashe zafi, ya cire shi da jakarsa, a duba a ɗakin gwaji. Da wuya ya dawo.

Yaushe za a gaggauta?

Idan ƙullutun ya yi tauri, yana girma da sauri, yana jini, ko gyambo ya wuce mako 2 bai warke ba, kada a jira. Asibitin Murtala na nan kusa da Ƙofar Mata, Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya kuma yana da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. A je a duba tun yana ƙarami.