Daɓen gareji: abin da wayarka za ta iya aunawa kafin a zuba kankare

A Karare, kamar sauran ƙauyukan Batsari da Safana a yammacin jihar Katsina, abin da ake kira gareji sau da yawa rumfa ce ko zaure mai faɗi inda babur ko ƙaramar mota ke kwana, wani lokacin ma har da buhunan gero da masara bayan kaka. Daɓensa ya fi na kowane ɗaki shan wahala, shi ya sa shi ke fara tsagewa. Idan an tashi sake shi kuwa, galibi matashin gidan mai riƙe da babbar waya ake ɗora wa lissafi da sa ido, musamman idan mai biyan kuɗin yana Katsina ko Kano, yana bibiyar aikin ta WhatsApp.

Wurin da matashin ke fara zuwa shi ne YouTube da TikTok, inda bidiyon zuba kankare ya yi yawa. Da yawa daga cikinsu daga Amurka suke, kuma matsalar can daban ce. Su ƙanƙara da gishirin da ake zubawa kan titi lokacin hunturu ne ke cinye musu daɓe, kuma mota ce ke kawo musu kankare a kwaɓe. A nan da shebur da kwanon sarki ake kwaɓi, abokan gabar kuma su ne zafin bazara da ke kai maki 40, busasshiyar iskar hunturu, gara, da cikon ƙasar da ba a daddage ba.

Inda waya ta fi amfani shi ne lissafi, kuma kalkuletar da ta zo da ita ta isa. Gareji mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6, idan za a zuba kauri santimita 10, wato inci 4 da ake yi wa ƙananan motoci, yana cin kankare kubik mita 1.8. A haɗin 1:2:4, kowane kubik mita na cin buhun siminti mai kilo 50 shida da ɗoriya, ke nan aikin zai tashi a buhu 11 zuwa 12. A ma'aunin magina, buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, sai yashi kwano huɗu, tsakuwa takwas. Duk maginin da ya ce buhu shida ya isa wannan fili, to ko dai zai rage kauri ko zai cika yashi, kuma kowanne ya yi, mai gida ne zai biya daga baya. Idan babbar mota ce za ta riƙa shiga, kaurin ya kai santimita 15.

Sai batun gangara. Daɓen gareji na buƙatar ɗan karkata zuwa ƙofa, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, domin ruwan damina ya fita. Manhajar Measure da Apple ya saka a iPhone tun 2018 tana da ma'aunin daidaito, a Android ma akwai irinsa kyauta da yawa a Play Store. Dukkansu na aiki ne da na'urar jin motsi da ke cikin wayar, wadda ke juya fuskarta idan an kwantar da ita. Ba sa buƙatar data, abin da mutanen wannan yanki suka san darajarsa tun lokacin da aka katse layukan sadarwa a Batsari, Safana da wasu ƙananan hukumomi a watan Satumban 2021. Sai dai tsawon waya bai wuce taki ɗaya ba, ga tudun kyamara da ke ɗaga gefe guda. Wanda ya ɗora ta kai tsaye a ƙasa zai samu amsar ƙarya. Dabarar ita ce a cire mata riga, a tsayar da ita da gefenta a kan miƙaƙƙen katako mai mita biyu. Duk da haka, a fili mai tsawo, siririn tiyon ruwa da magina ke amfani da shi ya fi ta gaskiya.

Amfanin da aka fi mantawa da shi shi ne kyamara, alhali shi ya fi tsare kuɗin mai gida. Abin da ke kashe daɓe yana ƙarƙashinsa, kuma da zarar an zuba kankare ba mai sake ganinsa. Ya kamata a ɗauki bidiyon cikon burji yadda ake jiƙa shi ana daddagewa hawa-hawa, da maganin gara, da ledar da ake shimfiɗawa don hana danshi tasowa. Idan an sa ragar ƙarfe, hoton ya nuna an tallafe ta da ƙananan duwatsu ta zauna a tsakiyar kauri, domin wadda ta kwanta a ƙasa asarar kuɗi ce kawai. A kuma kafa sanda mai alamar santimita 10 a wurare uku ko huɗu a ɗauka ana zubawa. Wanda ke nesa ya fi samun gaskiya a waɗannan hotuna fiye da hoton daɓen da aka goge yana sheƙi.

Ruwa kuma a nan ake yawan yin sa a baibai. Lebura na son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin bajewa, amma yawan ruwa na rage ƙarfi. Jarka ɗaya mai lita 25 ga buhu guda ta wadatar, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Bayan an gama ne ake buƙatar ruwan da yawa, domin siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce. Ana so daɓen ya zauna da danshi aƙalla kwana 7, a rufe da leda ko jiƙaƙƙun buhuna, cikakken ƙarfinsa kuma sai kwana 28. A garin da ruwa sai an sayo a kura ko an ɗebo a rijiya, wannan ne matakin da ake fara tsallakewa. Ƙararrawar waya safe da yamma na taimakawa, manhajar yanayi kuma ta nuna ranar da zafi ya yi sauƙi, a fara zubi da asuba.

Ba kowace tsaga ce ke nufin a fasa ba. Siririya kamar gashi, wadda gefunanta biyu suke daidai, cikewa kawai take so. Amma idan gefe ɗaya ya nutse, ko daɓen yana ƙara kamar ganga idan an ƙwanƙwasa da guduma, ko samansa na zubar da gari, to ƙarƙashin ya lalace, kuma shafa sabon siminti a kai ɓarewa zai yi. Sai a fashe, a farfasa ɓaraguzan su zama ciko. A sabon zubin, a yanka layi mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kauri duk bayan mita biyu da rabi zuwa uku, domin idan kankaren ya tsuke, tsagar ta bi layin. A gareji mai mita 6, layi ɗaya a tsakiya ko biyu sun isa.