Dashen Tsibiran Insulin: Jikin da Ba Ya Karɓar Baƙo

Labari yana yawo a gidajenmu na Zango cewa an gano maganin ciwon sukari ta hanyar dashe. Akwai gaskiya a ciki, amma ya kamata mu san iyakarta.

A bayan tumbi akwai gaɓar da likitoci ke kira fankiriyas. Cikinta akwai ƙananan curin ƙwayoyin halitta da ake kira tsibirai, su ne ke samar da insulin. A nau'in farko na ciwon, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jiki ce da kanta take hallaka su. A shekarar 2000 Dakta James Shapiro da abokan aikinsa a Edmonton ta Kanada suka bayyana cewa sun ɗura tsibiran mamata cikin hantar majiyyata 7, dukansu kuwa suka daina allura. Bayan 'yan shekaru, mafi yawan waɗanda aka yi wa irin wannan dashe suka koma mata.

Mu 'yan Zango mun san haƙƙin baƙo, jiki kuwa bai san shi ba: duk abin da ba nasa ba, farmaki yake kai masa. Dole wanda aka yi wa dashe ya dawwama kan magungunan danne garkuwa, irin su takrolimus. Su kuma suna wahalar da ƙoda, suna buɗe wa cututtuka ƙofa. Shi ya sa ko a Amurka, inda hukuma ta amince da dashen a 2023, ba a yi sai ga manyan da sukarinsu ke yawan faɗuwa har ya jefa su cikin haɗari.

A 2025 likitocin Uppsala ta ƙasar Suwidin suka bayyana sakamakon wata dabara da suka gwada. Sun gyara ƙwayoyin gadon tsibiran yadda garkuwa ba za ta gane su ba, suka dasa su a hannun wani mutum ba tare da maganin danne garkuwa ba. Bayan mako 12 tsibiran suna nan suna aiki. Sai dai mutum ɗaya ne, kuma bai daina allura ba.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta halatta dashe daga mamaci a 1988, bisa izininsa ko na magadansa.

Saboda haka kada wani uba ya tsayar da allurar ɗansa don wannan labari, ko don kwalbar da aka tallata masa a kasuwar Dantokpa. Yaron da aka yanke wa insulin yana iya suma cikin 'yan kwanaki, har ya rasa ransa. Mai tambaya ya nufi likitansa, ko asibitin CNHU Hubert Maga. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.